Mabuɗin Da Ke Wuyana

A Berbice gidajenmu kan dogayen ƙafafu suke tsaye,
kamar zalɓe, don tsoron ruwa.
Nan ƙanena Hemraj ya shuka shinkafa sau biyu,
sau biyu teku ya ɓalle madatsa ya lashe gonar.
Inda gishiri ya kwana, tsiro ba ya tashi.

Banki kuwa bai san ambaliya ba.
Takarda ran Litinin, takarda ran Juma'a,
yana ninke su yana cusawa ƙarƙashin rediyo
har rediyon ya karkace.

Indranie tana can New York tana jinyar tsofaffin wasu,
muryarta na zuwa daren Lahadi, ta tsinke, ta dawo.
"Lafiya lau," yake ce mata.
Mu ma abin da muke samu ke nan.
A gidanmu "lafiya lau" ƙyaure ne,
mahaifinmu ya kafa shi da hannunsa,
ya shige bayansa muna yara, bai sake fitowa ba.
Aka ce wa maƙwabta ciwon zuciya ne.
To, ba duka ne ƙarya ba.

Barci ya fara ƙaurace masa.
Sai giyar rake, da farko da yamma, daga baya da hantsi.
Ya bar zuwa filin kurket, shi da ba a wasa sai da ihunsa.
Rannan ya tashi fes, ya yi aski,
ya biya mai shago bashin sabulu da sukari,
ya ja karensa ya kai wa maƙwabcinmu Lennox, wai kyauta.
Na gani da idona.
Na ce sauƙi ya samu, har na soya masa kifi.

Karen ne ya tsinke igiya cikin dare,
ya dawo yana tonon ƙofar rumbu, yana kuka.
Lennox ya biyo shi ba takalmi.
Sauran ba zan faɗa ba,
sai dai hanyar New Amsterdam ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba.

Kwana shida. Ya rayu.

Wata nas, Shondell, ta zaunar da ni a baranda.
Ta ce, "Parbatie, ba rai ya ƙi ba,
ciwon yake so ya tsaya, ya rasa ta ina.
In kin ga hadari a fuskarsa, ki tambaye shi gar da gar.
Tambaya ba ta shuka abin da babu."
Na ce kunya fa?
Ta ce, "Kunyar nan ta ci muku mutum ɗaya. Bai isa ba?"

Yanzu maganin feshi yana kulle,
mabuɗin na rataye a wuyana, yana sanyaya mini ƙirji.
Mun kwashe takardun nan mun je banki tare,
gwiwarsa na rawa, aka raba bashin gida-gida.
Indranie ta ji gaskiya, ta yi kuka, ta yi faɗa,
yanzu kullum take kira.
Duk Alhamis maza biyar ke taruwa ƙarƙashin gidan Lennox,
da shayi, ba kwalba,
wani lokaci ba a cewa komai sai zancen farashin taki.
Can Hemraj ya fara kiran mutuwar mahaifinmu da sunanta.
Ashe biyu daga cikinsu su ma suna da irin ƙyauren.

Ban ce ya warke ba.
Akwai safiyar da ba ya iya ɗaga kai daga matashi,
akwai ranar asibiti da sai na ja shi.
Amma in na ce, "Yau tunanin ya zo?"
yakan ce, "Ya zo, bai zauna ba."

Jiya ya ce in ba shi mabuɗin, ƙwari sun shiga sabuwar shuka.
Na dube shi, ya dube ni.
Na ɗauko hulata na ce mu je tare.
Karen ya riga mu fita.